Shekarar da na riƙe kujerar iyayen yara a lakwal ɗin unguwarmu

Ina kan keken ɗinki ina haɗa wuyan wata riga, sai ga ɗiyata ta shigo shago da jakarta a baya, ko ƙarfe goma ba ta yi ba. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce Mushe, wato malaminsu, ya ce su koma gida, ajinsu bai samu rumfa ba tukuna. Sati na uku ke nan da komawa lakwal a watan Oktoba. Duk wanda ya tashi a Tawa ta ƙasar Nijar ya san zancen: azuzuwan siminti ba su isa ba, sauran yara a rumfar kara da zana suke karatu, kara kuwa ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi an kwashe damma daga gona. Kafin a tara shi, a samo zana, a kafa gwafanni, wata guda ya wuce, wani lokaci biyu, yara suna yawo a rariya.

Na rufe shago na tafi da zafina. Darekta bai yi mini gardama ba. Ya ja ni bayan ginin ya nuna mini fili, ga ramukan gwafannin bara nan a jere, rairayi ya kusa cike su. Ya ce, "Malam, gwamnati ta turo mushe, ta turo alli. Rumfa kuwa aikin iyaye ne. Ran Asabar akwai taro, za a sake zaɓen shugabanni. Wannan faɗan da ka zo da shi, can ya kamata ka kai shi."

Ban taɓa zuwa taron iyayen yara ba sai ranar. Shekara 9 na yi a Abijan kamar da yawa daga ƴan yankinmu na Adar, ina aiko da kuɗi, uwargida ce ke fama da sha'anin lakwal. A wurin na gane yadda tsarin yake. Akwai ƙungiyar iyayen yara, akwai ta uwaye mata, sannan akwai kwamitin da ke haɗa wakilansu da darekta da wakilin malamai, wanda kowa ke ce wa Kojes, ko da yake a takarda yanzu CGDES ake rubutawa. Darekta ya tuna mana cewa zaɓen asiri na shugabannin kwamitin lakwal ba baƙo ba ne a wurinmu, don a jiharmu ta Tawa aka fara gwada shi, cikin wani shiri na haɗin gwiwa da ƙasar Japan da ya soma a 2004, daga baya ya game ƙasa. Sai dai a lakwal ɗinmu an daɗe da sakinsa. Abin da aka saba shi ne mai unguwa ya ce "wane ya ci gaba", kowa ya ce "mun yarda", a shafa fatiha a watse.

Wanen kuwa abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Ya daɗe a kan kujerar, har wasu da ya raka lakwal suna yara yanzu nasu ɗiyan ke ciki. Da aka ce a kawo sunaye, sunansa aka fara faɗa. Aka yi shiru. Can sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƙawar mahaifiyata, ta ɗaga murya daga cikin mata ta ce, "Ni wanga tela nika so. Shekara nawa ina kai mishi yadi, ko ƙyalle ɗan tahin hannu ya rage sai ya naɗe shi ya sa mini cikin leda." Mutane suka juyo suna kallona. Wallahi ban taɓa ɗaukar maido ƙyalle wani abu ba, haka maigidana ya koya mini tun ina yaron shago.

Na so in janye. Tsayawa takara da abokin ubanka ba ƙaramin abin kunya ba ne a wurinmu. Na matsa kusa da liman na raɗa masa haka. Ya ce, "Kai ka nema?" Na ce a'a. Ya ce Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abdurrahman ɗan Samura kada ya nemi shugabanci, domin wanda ya nema a kan bar shi da shi, wanda aka bai wa bai nema ba kuwa a kan taimake shi. Ya ce in zauna in bar mutane su faɗi abin da ke ransu.

Aka jingina zana biyu a kusurwar aji suka zama ɗan lungu. Aka ba Baba jar takarda, ni aka ba ni koriya, muka ɗaga kowa ya gani. Mutum zai karɓi takardu biyu da ambulan, ya shiga lungu shi kaɗai, ya sa wadda yake so, ya fito ya jefa a kwali, ɗayar kuma ya dunƙule ta ya sa a buhun da ke ciki. Mata suka yi layi mai tsawo, wasu da goyo, sun ma fi maza yawa, don rabin mazan unguwa suna Abijan ko Libiya ko Nijeriya. Na tsaya ina kallon wata mata da na san ba ta taɓa buɗe baki a gaban mai unguwa ba, ta shiga bayan zana ta daɗe, ta fito tana gyara lulluɓi, fuskarta a sake. Kunya ado ce, ba na jayayya, amma ranar na ga yadda takan danne gaskiyar mutane shekara da shekaru, kuma zana biyu kawai suka ishe su su faɗe ta ba tare da an ci fuskar kowa ba. Aka buɗe kwali a gaban jama'a, darekta na kiran launi, wani mushe na jan zane da alli a allo. Kore ya rinjaya.

Bayan isha'i na tafi gidan Baba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ban zo da wata magana ba sai neman gafara da neman shawara." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar jaka, ya zazzage ta a kan tabarma: hatimi, mabuɗi, da kaye guda wanda shafi uku kawai aka rubuta a ciki. Ya fara lissafa mini da baki. Shekara kaza iska ta kwashe rumfa, ya sayar da tunkiyarsa ya maida ta. Shekara kaza wani yaro ya karye a filin wasa, shi ya biya magani. Ban taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba, alhali kuwa na sha jin ana cewa a fada da bakin masallaci, "Kuɗin iyaye ina suke shiga?" Ya ce, "Ɗana, babba juji ne, wannan ka sani. Abin da ban sani ba sai yau, na yi ta yi don Allah ina ɓoyewa, ashe abin jama'a ba a ɓoye shi, ko alheri ne."

Na fito jikina a sanyaye. Mutumin kirki ne, bai ci dalar kowa ba, nasa ma ya zuba, amma da yake babu wanda ya ga shigar kuɗi da fitarsu, zato ya cinye masa suna, mutane suka daina bayarwa, rumfa ta daina tashi da wuri. Washegari da kuɗina na sayi sabon kaye mai kauri.

Horon da aka yi mana na kwana biyu ne, a kan yadda ake tsara aikin shekara: a tara jama'a, a jera matsaloli, a ware waɗanda muke iya yi da hannunmu, a sa wa kowanne kuɗi da lokaci da mai kula da shi. Ni na riga na zo da nawa a kai. Bayan rumfuna, katanga nake so, domin babura da dabbobi suna ratsa tsakiyar lakwal, kuma ba zan ɓoye ba, katanga aba ce da ake gani daga nesa. A taron na yi bayani mai tsawo, maza suna gyaɗa kai. Wakiliyar uwaye mata ta bari na gama, ta ce, "Shugaba, ka taɓa zagayawa ka ga makewayin yaran nan?" Ban taɓa ba. Ta ce ƙofofin sun cire tun bara waccan. Ɗiya mace in ta fara girma ba za ta shiga wurin da babu ƙofa ba, sai ta riƙe har ta koma gida, in ta koma kuwa ba ta dawowa ranar, wata ma daga nan ake fara cewa ta zauna ta taya aiki. Ta ce kuma babu ko randa ɗaya ta ruwan sha a azuzuwan.

Raina ya sosu, don a gaban mutane aka nuna mini abin da ban sani ba. Na ji amsa ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na ce a ɗaga hannu. Katanga ta koma ta ƙarshe, ƙofofi da randuna suka bi bayan rumfuna. Daga ranar na ɗauki wata al'ada: in za a yi shawara, ni ke magana a ƙarshe, domin na lura in shugaba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, sauran mutane gyara masa zama kawai suke yi.

Akwai wuri ɗaya da ban bi rinjaye ba. An saba ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare, ke samun ajin siminti, tunda su ke shirin wucewa gaba, ƙanana ƴan CI, ajin farko, a tura su rumfa. Ni kuwa abin da ya faru a 2021 bai bar zuciyata ba: a watan Afrilu wuta ta kama azuzuwan zana a wata unguwa ta Yamai, yara 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana; a watan Nuwamba kuma aka sake yin irinta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. Yaro ɗan shekara 12 in ya ga hayaƙi zai ruga, ɗan shekara 6 kuwa tsayawa zai yi yana kuka. Na ce ƙanana su shiga siminti, manya su fito rumfa. Iyayen ƴan CM2 suka yi caa, mushensu ma bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja, don buji in ya taso a rumfa ko rubutun allo ba a gani sosai. Darekta ya goyi bayana. Abin da ya kashe maganar, ɗan farina yana CM2 a shekarar. Na ce nawa ne zai fara zama a rumfar. Muka kuma yarda kowace rumfa ta samu ƙofa biyu, a bar tazara tsakaninsu, masu tuyar ƙosai da awara su ja murhunsu can bakin hanya.

Karo-karo muka yanka dala ɗari, wato CFA 500, a kan kowane yaro. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar hatsi, ko damin kara, ko ya ba da yini guda na aiki. Gwauraye mata masu riƙon marayu muka cire su tsakaninmu mu uku, ni da ma'ajiya da darekta, ba mu kai sunansu taro ba. Wanda ya ba ni wuya yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai yara huɗu a lakwal ɗin. Ya ce shi ba ya zuba kuɗinsa a rijiya. Na san in na biya masa a ɓoye zance zai fita, in na ƙyale shi kuma babu bakin da zan tambayi wani. Na same shi da asuba bayan an fito masallaci, na ce, "Yaya, ba shugaba ne ya zo ba, ƙanenka ne. In gidanmu bai bayar ba, ƙafata ba ta iya taka ƙofar kowa." Ya ce ba shi da jika biyu, wato CFA 2,000 na yaran huɗu, a hannu, kuma ba zai roƙa ba. Ashe abin da ke ƙasa ke nan. Na ce yana da amalanke da jaki. Kwana uku ya yi yana jigilar kara daga gonakin bayan gari, aka rubuta masa a kaye da ƙimar kuɗinsa, har ya zarce abin da ake binsa.

Ranar gayya tun da sanyin safe aka fara. Samarin fada biyu suka haƙa ramuka, dattawa suka zauna suna murza igiya, mata suka kawo fura da ruwa. Na ɗaure rawani a ƙugu na hau sama ina ɗaurin kara tare da yara, tafin hannuna na tela duk ya yi kanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ranar na gan shi da idona: in za a ɗaga rufi sai mutum takwas sun kama, ɗaya ya ba da murya. Kafin la'asar rumfa uku sun tsaya. Litinin ɗiyata ta tafi ba ta dawo ba sai tsakar rana, da alli a goshinta.

Kuskurena ya zo ne ta inda ban zata ba. Dokar da ni da kaina na kawo ita ce, kuɗi ba sa fita sai da takarda mai sa hannun mutum uku. Ma'ajiyarmu mai sayar da man gyaɗa ce, ba ta yi boko ba, amma lissafi a kanta yake kamar an zana, ɗanta ke rubuta mata. Wata Lahadi, ranar kasuwar Tawa, kafin gayyar, na ci karo da mutanen ƙauye sun kawo gwafanni masu kyau da zana da araha, ga masu saye sun yi musu rumfa. Na tura yaron shagona da gudu ya ce mata Shugaba ya ce a ba da jika 15. Ta ba shi don ganin girmana. Na saya, na biya masu dako, na sayi igiya, na koma shago ina murna. Mutumin ƙauye ba ya ba da takardar shaida, ni kuma ban rubuta a take ba, na ce sai dare. Dare ya yi, ɗinkin biki ya sha kaina.

Da muka zauna haɗa lissafi don taron tsakiyar shekara, na iya tuna inda jika 12 suka shiga, abu-abu. Jika 3 suka ƙi fitowa. Na juya, na tambayi yaron shago, na koma wurin mai igiya, babu. Darekta, da kyakkyawar niyya, ya ce a rubuta su a kuɗin dako, tunda ko shakka babu can suka tafi. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Amma na tambayi kaina ko zan iya dafa Alƙur'ani a kan haka, na ga ba zan iya ba. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, ɗinkin riga biyu ne. Jakar Baba nake ta gani a zazzage a kan tabarma.

Ranar taro aka fito da allo waje aka jingina shi a gindin dogon yaro. Mushe ya raba shi biyu da alli, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita, ana rubutawa ana karantawa da Hausa, da dala da jika yadda kowa zai gane, har tiyoyin hatsi da kwanakin amalanke. Da aka zo ƙasa, hagu da dama suka ƙi haɗuwa. Na miƙe na ce, "Jama'a, jika 3 sun ɓace, kuma a hannuna suka ɓace. Na karya dokar da na kafa, na karɓi kuɗi ba takarda, na kashe ban rubuta ba. Ban ci ba, Allah ne shaidata, amma ba ni da abin da zan nuna muku. Ga su." Na ciro su daga aljihu na miƙa wa ma'ajiya a gaban kowa. Muryata tana rawa, ina jin ta.

Ma'ajiya ba ta zauna ba. Ta ce ita ma da nata laifin, don ita aka ba amanar akwati, kuma daga yau ko mai unguwa ne ya aiko, in babu takarda sai dai ya yi haƙuri. Mai unguwa ya ce ya yarda. Wani mutum da ya fi kowa surutu a kan kuɗin iyaye ya taso ya zo gaban allo, ya sa aka sake karanta masa layin igiya, ya ce a kasuwa ta fi haka tsada, a ina na samo? Na gaya masa. Ya koma ya zauna. Kafin a watse, mutum bakwai daga cikin waɗanda ba su biya ba suka zo wurin ma'ajiya, wata ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo ƴan dala ashirin-ashirin guda biyar.

Wani saurayi ya ɗauki hoton allon da salularsa ya tura a WhatsApp na ƴan unguwa mazauna waje. Ban sa shi ba, ban ma san ya yi ba. Cikin sati biyu saƙonnin murya suka fara shigowa daga Abijan da Libiya, ana tambayar nawa ne kuɗin ƙofar ƙarfe. Da abin da suka aiko maƙeri ya yi mana ƙofofi huɗu masu sakata ta ciki, muka sayi randa da moɗa ga kowane aji. Waɗannan mutanen an sha roƙonsu a baya suna yin shiru, har ana cewa sun manta gida.

Abin ya bi ni har shago. Yanzu in mai kaya ya ba da kuɗin zare da maɓalli, a gabansa nake rubutawa, kuma yaran shago sun san abin da ya shigo a sati da rabon kowa. A gida ma, kuɗin cefane da na hatsin shekara, zama muke yi da uwargida mu lissafa, ita ke fara magana. A nan na ji cewa shekarun da nake Abijan, sau biyu ta sayar da kwanukan aurenta don kayen yara da bik, ba ta taɓa gaya mini ba.

Katanga har yau ba a yi ta ba, babura na nan na ratsawa, kuma wasu iyayen ƴan CM2 ba su huce da ni ba. A ƙarshen watan Yuni, da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, muka kwance rumfunan kafin ruwa ya lalata su, abin da ba a saba yi ba. Muka naɗe zanannun da suka rage da kyau, muka jera gwafanni a kan duwatsu cikin ajin siminti don gudun gara. Baba ya zo da sandarsa ya zauna a inuwa yana kallo. Da muka gama ƙirga, ya ce in miƙo masa kayen. Ya buɗe shi shafi-shafi, ya kira jikansa ɗan CM1 ya ce ya karanta masa daga farko.